Muryar da Na Goge a Indiya

Yayana Sale ya ɓoye mini mutuwar uwata, kuma saboda ɓoyewar nan tasa na goge muryarta da hannuna. Laifinsa ke nan. Na sa shi a farkon takarda don kada wani ya karanta rabi ya fara ce mini ai da kyakkyawar niyya ya yi. Na ji wannan magana har ta gundure ni. Wuƙa ba ta tambayar niyya kafin ta yanka.

Sunana Isiyaku, autan Inna Habi ta Gwaram. Yau furfura ta ci rabin gemuna, ina da ɗan shagon buga takardu a Birnin Kudu. Ana ce mini Injiniya, wasu don girmamawa, yawanci don tsiya. Bayan takardar sakandare ba ni da ko ɗaya.

Lokacin da aka yanke Jigawa daga Kano, magana ɗaya ce a kowace majalisa: sabuwar jiha tana neman waɗanda suka iya kwamfuta, duk wanda ya iya, ofis ne zai bi shi har gida. Ni a lokacin tafireta nake bugawa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Yaya Sale ya kai shanun huɗarsa kasuwar Sara ya sayar, aka tura ni Indiya. Wannan ma na faɗa, kada a ce na ɓoye alherinsa. Sallama da koke-koken tasha kuwa kowa ya san su, ba sai na rubuta ba.

Wanda ya fara cutata a ƙasar mutane ba Ba'indiye ba ne, ɗan ƙasarmu ne. Dillalin makarantu ne, shi ya tare ni a filin jirgin Bombay, da kwat da taye a cikin zafin da ko kare ba ya fita. Ya rungume ni yana ta "ɗan'uwa, ɗan'uwa." Tun ina gida ya aiko da hoton jami'a mai ciyawa kore shar, da kwamfuta a gaban kowane ɗalibi. Ya ajiye ni a wani masauki inda kuɗin cizo suka yi walima da ni, ya karɓi fasfona wai za a buga hatimi, ya ɓace. Na zauna ina kallon bango, ban san kowa ba, ban ma san yadda ake cewa ruwa ba. Da ya dawo da fasfon sai ya ce waccan jami'ar ta cika, amma ya samo mini wadda ta fi ta a wani gari can cikin ƙasa. Ya cusa ni a jirgin ƙasa, ya ɗaga mini hannu. Ban sake ganinsa ba. Shi dai bare ne, cutar bare tana warkewa.

A jirgin nan mutum a kan mutum. Wata mata da mijinta da ke gabana suka buɗe jerin kwanonin ƙarfe za su ci abinci. Ta dube ni, ta ga ba ni da ko leda, ta yago gurasa ta ɗora miya a kai ta miƙo mini. Barkonon ya sa ni hawaye, suka yi ta dariya, ni kuma na sami hanyar yin kukana ba tare da kunya ba. Da gari ya waye na leƙa taga, sai ga dawa. Dawa tsaye a gona, ta sunkuyar da kai, sak ta hanyar Basirka. Na manna goshi a ƙarfen taga ina kallonta har ta ƙare.

Makarantar a saman shagunan yadi take. Ba ciyawa, ko wadda akuya za ta tsinka. Kwamfutocin suna wani ɗaki mai sanyi a kulle, sai an cire takalmi ake shiga kamar masallaci, kuma sai layi ya zo kanka. Abin da muke gani kullum shi ne alli da allo.

Ranar farko ina tsaye a baranda kamar an dasa ni, sai na ji an ce daga bayana, "Kai, Bahaushe, wa ya yar da kai nan?"

Na juya. Wani dogo ne baƙi, da gicciye a wuya. Bitrus ke nan. Ubansa malamin asibiti ne da ya yi aiki a Birnin Kudu, a can ya tashi, Hausarsa ta fi tawa gishiri.

Na ce, "Daga Gwaram."

"Gwaram! Ashe har an fara barinku ku fito? Wa zai kori birai daga gona?"

"Mun bar wa 'yan Birnin Kudu, tunda danginsu ne."

Ya yi dariya har da dafa bango. Ranar ya ɗauki akwatina ya kai ni gidan da yake haya. Daga nan ni Na-Gwaram, shi Fasto, ko da yake cocin ma sai ya ga dama yake zuwa.

Zaman garin ba daɗi. Yara su biyo mu suna taɓa fatarmu su duba yatsa ko ta yi baƙi. Mai keke ya zaga da kai gari ya dawo da kai kusa da inda ya ɗauke ka, ya ce kun yi tafiya. Duk wannan na jure. Abin da na kasa jurewa shi ne ruwan farko. In ya sauka, ƙasa ta yi ƙanshi, sai in ji kamar in na juya zan ga Inna tana kwashe shanya da gudu tana zagin kaji. Ranar Salla kuwa, na sa babbar rigata na je masallaci, na dawo na cire, ba wanda ya ce mini barka da shan ruwa sai Fasto.

Darasi biyu ne suka fi ba kowa tsoro. Ɗaya suna ce masa diskirit, wato lissafin abubuwan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai, irin mutane da ƙwai, ba irin ruwa da ake aunawa ba. Ɗayan kuma nazarin abin da inji zai iya lissafawa da abin da ba zai taɓa iyawa ba. Malami ɗaya ke koyar da su, wani siririn dattijo da sunansa ya fi ƙarfin harshena, sai muka sa masa Mai Alli, don har a girarsa akwai alli.

Wata rana ya cika allo da rubutu don ya tabbatar mana cewa in tattabaru sun fi ramuka yawa, dole wani rami ya ɗauki biyu. Na dubi Bitrus.

"Fasto, an sayar da shanu don in zo in ƙirga tattabaru?"

"Yi shiru, Na-Gwaram. Gobe za a kai ga kaji."

Amma sai Mai Alli ya ɗauki 'yar maganar nan ya riƙa buɗe ƙofofin da ban san da su ba. Ya nuna mana cewa a kowane taro, komai yawansa, sai an sami mutum biyu da yawan waɗanda suka ba hannu ya zo ɗaya. Na wuni ina jera mutanen unguwarmu a kaina, ina neman in ƙaryata shi, na kasa. Tun daga ranar abin ya kama ni. A nan na san bambancin "haka na ji" da "ga hujja." Ya koya mana manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja, irin wanda na sha jin malaman zaure suna ambata, amma da alamomi. Ya koya mana wata hujja da nake kira ta shanun Fulani a bakin kogi: in ka tabbatar ta farko ta shiga ruwa, ka kuma tabbatar duk wadda ta shiga ta bayanta za ta bi, to ka gama, ko da garken ba shi da ƙarshe. Ya koya mana zana inji da 'yan da'irori da kibiyoyi, kowace da'ira matsaya ce, kowace kibiya hanya ce. Gaskiya ban taɓa son wani abu na duniya kamar karatun nan ba. Har yau in ba mai aiki a shago, sai in tsinci kaina ina zana da'irori a bayan takardar da ta lalace.

Mai gidan hayarmu tsohuwa ce, mijinta ya mutu. Ba ta jin Turanci, ba ma jin yarenta. Na sa mata Gwaggo, ta amsa. Ta lura abincinta sai dai in tsakura in ture. Wata safiya ta ja hannun rigata har kasuwa, ta riƙa nuna buhuna ɗaya bayan ɗaya tana kallon fuskata. Da muka zo kan gero sai na durƙusa na cusa hannu a ciki. Ta ga haka ta saya. Tsamiya kuwa a tsakar gidanta take. Na kwatanta mata kunun tsamiya da hannu da ka, ta dama. Bai yi kama da na Inna ba, ta zuba masa wani yaji mai ƙanshi da ba wanda ya roƙe ta. Na shanye tas. Daga nan duk ranar jarrabawa sai in tarar da shi a bakin ƙofa, an rufe da faranti.

Inna ba ta karatu, waya kuwa a lokacin sai a Kano. Kaset muke yi. Akwai wani Alhaji Mamuda, ɗan kasuwar Kano mai sarin yadi, yakan zo garin da muke lokaci-lokaci. Shi ke kawowa, shi ke mayarwa, daga Kano direban motar Gwaram ya miƙa wa Yaya Sale. Kaset ɗaya ne tak, Inna ta ɗaure gidansa da jan zare. Ita ta kafa dokar: in na saurara, in ɗauki tawa maganar a kansa in mayar. Na taɓa cewa zan sayi sabo in ajiye nata. Ta aiko da amsa: "Auta, kwanon da aka kawo maka tuwo shi ake mayarwa, kuma ba a mayar da shi wayam. Ko Indiya ta koya maka riƙe kwanon mutane?" A wajenta, in kaset ɗin ya dawo, shi ne shaidar ya isa hannuna. Haka masu 'ya'ya a Makka da Sudan suke yi a unguwarmu, ba wanda ya ga aibun abin.

Yadda take magana a kaset abin dariya ne. Sai ta yi sallama ta tsaya jiran amsa.

"Salamu alaikum." Shiru. "Au, ba ya amsawa ko? To Auta, ina gajiya?"

A bayanta ana jin tattabarunta, da turmi, da wata maƙwabciya tana ihu a gaishe ni. Da na ba ta labarin tattabaru da ramuka, ta ce, "Yau na ji ikon Allah. Ka ce wa malamin naku in tukwane sun kasa, sai a kira maginiya ta ƙara. Shi ke nan karatun? To dawo in ba ka digirin." Bitrus ya sa na yi ta mayar da wurin nan baya har zaren kaset ɗin ya kusa tsinkewa.

A shekara ta biyu, bayan damina, Alhaji Mamuda ya kawo kaset. Ya miƙo mini a bakin shago, idonsa na kan yadi.

Na ce, "Alhaji, ya mutan gida?"

Ya ce, "Lafiya lau, suna gaisuwa," ya juya ya ci gaba da ciniki.

A ranar Inna tana kabari, shi kuma ya sani. Yaya Sale ya bi shi har Kano ya haɗa shi da Allah kada ya faɗa, wai in na ji zan bar karatu.

Muryarta a kaset ɗin ta yi ƙasa. Ta ce mura ce. Ba ta yi wasa da yawa ba. Ta ce gyaɗa ta yi kyau bana. Ta ce in riƙe salla, kada in ci naman da ban san yankansa ba. Ta ce ta yi mafarkina ina ƙarami, na ɓace mata a kasuwar Sara, tana ta kira. Sai ta yi dogon shiru, ana jin numfashinta, sannan ta ce, "Auta. Auta. To shi ke nan, dama so nake in kira." Na saurara, na ce a raina tsufa ne.

A bayan kowane kaset akwai 'yan haƙora biyu na roba. In ka ɓalle su, rikoda ba za ta ɗauki magana a kansa ba. Aikin ƙiftawar ido ne, da farce ma ana yi. Kalma ɗaya ta isa ta sa in ɓalle su. Ba a faɗa mini ba.

Alhaji zai koma, ya aiko a kawo saƙo. A makon nan kuwa Mai Alli ya koya mana abin da ya fi komai burge ni: wani inji da ba a ƙera shi da ƙarfe ba, a takarda kawai yake, amma duk lissafin da kwamfutar duniya za ta iya, shi ma zai iya. Ina ta ɗoki in gaya mata. Na mayar da zare farko, na danna jan maɓalli, na ce:

"Inna, kin ga injin nan, kamar kaset ɗin nan namu yake. Dogon zare ne da wani ɗan abu a samansa. Ya karanta abin da ke gabansa, ya goge, ya rubuta sabo, ya matsa gaba. Iyakar aikinsa ke nan, amma da shi ake komai."

Ina ta zuba ina dariya, Bitrus yana tsoma baki yana cewa, "Inna, ɗanki ya zautu, a aiko masa da rubutu ya sha." Na cika fuska biyu dam. Ban bar ko ɗan wuri ba, kada ta ce na mayar da kwano rabi.

Daga nan kaset ya riƙa dawowa da muryar Yaya Sale kaɗai. Inna ta tafi suna Basirka. Inna muryarta ta dishe. Inna ta ce rikodar tana sa mata ciwon kai, amma tana gaishe ka, ta ce ka dage. Ni kuma in goge shi in yi wa Inna hira. Na ba ta labarin kunun Gwaggo, na faɗa mata makin da na ci, har waƙar da take yi mini ina yaro na rera mata da muryata ta jaki, don ta yi dariya ta amsa. Daga baya na ji a tsakar gidanmu ake kunnawa, mata su fara kuka, a kashe.

A wannan zangon ne Mai Alli ya kai mu ƙarshen littafi. Ya ce akwai tambayar da ba injin da zai iya amsa ta a kowane hali: in ka ba inji aiki ya yi shiru yana yi, shin zai gama, ko haka zai yi ta tafiya har abada? Kana zaune kana jira, ba ka sani ba ko jinkiri ne ko ba mai zuwa ba ne. Ya kawo hujjar, 'yan aji suna hamma. Ni gabana ne ya faɗi, ban san dalili ba. Bitrus ya ce, "Lafiya?" Na ce yunwa ce.

Ana gab da babbar jarrabawa aka aiko daga wani asibitin ido a garin, wai an kawo wani tsoho daga Najeriya, ba ya jin kowane yare sai nasa, ko akwai mai yin tafinta. Na je. Yana kwance, an rufe masa ido biyu da bandeji. Na yi sallama, ya damƙi hannuna da hannu biyu kamar mai shirin faɗawa rijiya.

"Ɗan wane gari?"

"Gwaram, Baba."

"Allahu akbar! Ni mutumin Basirka ne, dillalin hatsi. Gidan wa?"

"Gidan marigayi Malam Audu, bayan masallaci. Ni ne autan Habi."

"Habi mai tattabaru? Ayya. Ayya, ɗana. Ya ƙarin haƙuri? Mace ta gari. Ai da ni aka yi mata salla bara, na shigo garin auno gyaɗa. Jama'a kamar Idi."

Na ce, "Wace Habi?"

Ba ya ganina, amma hannuna da ke cikin nasa ya gaya masa. Ya ce, "Innalillahi. Ba su faɗa maka ba." Sai ya fara kuka a ƙarƙashin bandejin, nas ta shigo tana yi mini faɗa wai hawaye zai ɓata aikin. Ni na koma ina ba shi haƙuri. Na gama masa tafinta tsaf, sannan na fita.

Kaset yana hannuna a lokacin. Na kunna shi daga farko har ƙarshe, fuska biyu, ina kasa kunne ko za a sami wutsiyar kalma ɗaya da ta tsira. Bayan maganar Yaya, tawa muryar ce tana bayanin lissafi. Bayan tawa, sai shuuu. Bitrus ya kai ni layin masu gyaran rediyo, shago shago. Wani mai rawani ya saka shi a babban inji, ya toshe kunne da abin ji, ya daɗe, ya girgiza kai, ya ƙi karɓar ladan aikinsa. Na je wurin Mai Alli, ban ma san me ya kai ni ba.

Na ce, "Malam, abin da inji ya goge a kan zare, akwai hanyar dawo da shi?"

Ya ɗauka tambayar jarrabawa ce, ya fara amsawa, sai ya dubi fuskata ya ajiye allin. Ya ce, "Sai in an kwafe shi a wani wuri kafin a goge." Ya zaunar da ni, ya sa aka kawo shayi.

Gwaggo ba wanda ya fassara mata, ta gane. Ta ja gyale ta rufe kai, ta zauna a bakin ƙofata ta wuni, kamar yadda ake zaman makoki a gida. Bitrus ya je masallacin unguwa ya tsaya a waje har liman ya fito, ya kawo shi ya yi addu'a. Zaman makokin uwata ke nan a wajena.

Na shiga jarrabawa. Tambayar farko na san ta kamar sunana: zana injin da ke karanta zare. Na zana da'ira ɗaya, na ja kibiya, hannuna ya tsaya. Na zauna har aka karɓi takarda. Sauran ban ma je ba. Mai Alli ya zo har gida ya ce in maimaita shekarar, zai tsaya mini. Amma takardar zamana ta kusa ƙarewa, ni kuma ko kalmar zare ba na son ji. Bitrus ya raka ni tasha. Ya ce, "Na-Gwaram, je ka ga kabari ka dawo, zan ajiye maka kujera." Ban koma ba. Shi yanzu babba ne a wani wuri, yakan kira ni da Salla ya tambayi lafiyar birai.

Da na iso Gwaram tattabarun sun watse, tukwanen suna nan a jikin katanga. Aka kai ni maƙabarta, ruwa ya riga ya daidaita kabarin da na kusa da shi, har masu nuna mini suna gardama. Yaya Sale ya tare ni a zaure da dattawan unguwa, don ya san ba zan buɗe baki a gabansu ba. Liman ya ce, "Isiyaku, haka ake yi. Ba a aika wa matafiyi mutuwa. Yayanka ya yi abin da babba ke yi." Kowa ya ce haka ne.

Yaya ya ce, "Takardar fa?"

Na ce, "Babu."

Ya sunkuyar da kai. Ban ce masa komai ba, ranar ko bayanta. Na kwashe kayana na koma Birnin Kudu. Mukan gaisa a suna da jana'iza.

Abin da ba wanda ya gane shi ne, ba rashin ganin gawa ne ya fi cina ba. Ko an faɗa mini, kafin in iso an binne. Muryar ce. Duk abin da ta faɗa ina riƙe da shi kalma kalma, amma in na kira shi a kaina, da muryata yake zuwa. Shekarun farko takan faɗo mini in na ji wata tsohuwa tana kiran kaji. Yanzu ko hakan babu. Mutum yana raye da hankalinsa ya manta muryar uwarsa, wannan wane irin maraici ne?

Kwanan baya ciwo ya kwantar da Yaya Sale. Ɗansa na fari, Nura, yana ƙasar waje, shi ma kwamfuta yake karantawa, shekarar ƙarshe. Yakan kira ni mu yi hirar karatu, shi kaɗai ne a dangi ba ya yi mini dariya in na ambaci diskirit. Aka aiko Yaya na nemana. Na shiga mota da hantsi na tafi Gwaram. Na same shi a ɗaki, ya rame ƙwarai. Ya kori kowa.

"Isiyaku, zauna. Jikin nan ba na tashi ba ne."

"Rai na Allah ne."

"Bar wannan. Amana zan ba ka. Yaron nan yana gab da jarrabawa. In ta Allah ta kasance, kada a gaya masa sai ya gama. Kai yake kira, kai zai tambaya. Ka ce ina gona."

Na dube shi. Wato har yau bai san abin da ya yi ba.

Na ce, "Ka san abin da ke cikin kaset ɗin da ka ba Alhaji Mamuda?"

"Na sani. Ni na riƙe mata rikodar." Ya yi tari. "Tana ta Auta, Auta. Ni ɗan fari ne, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, don kunya. Ni na yi jinya, ni na saka ta a kabari. Shanuna na sayar. Na ce uwa ta tafi, ko karatun a tsira da shi."

"An tsira da shi?"



Na ciro wayata, na danna wurin ɗaukar murya, na ɗora masa a ƙirji. Na ce:

"Yaya, shekara da shekaru ban faɗa maka ba, yau ka ji. Uwata ta kira ni sau biyu, kai ka sa na goge da hannuna ina dariya. Ba ni ka tausaya wa ba, shanunka ka bi. Ban yafe ba tukuna. In na yafe zan zo in faɗa maka, ko a bakin kabari ne. Amanarka kuwa ban karɓa ba. Wallahi kafin a ɗora ruwan wankanka a wuta Nura zai ji, daga bakina. Karatu nasa ne, uba nasa ne, shi zai zaɓa. Yanzu buɗe baki ka yi wa ɗanka magana, tana ɗauka. Ɗan fari ne, na sani. Ka kira sunansa."